Jirgin Fito a Kan Tayil

Tun ranar da aka ɗauke jirgin daga tafki, Baba Mai Fito ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kuma fa shi da bakinsa ya ba da shi. Da aka gama titin da ya zagaye tafkin, kowa ya koma hawa mota, fito ya mutu murus. Ana nan sai gari ya buɗe ɗan gidan tarihi a tsohon sito na bakin kasuwa, aka zo neman jirgin, don shekara hamsin duk abin da ya shigo garin nan, daga buhun gishiri har injin niƙa na farko, a cikinsa ya ƙetaro. Baba ya ji daɗi, har da ɗinka sabuwar riga ranar buɗewa.

Abin da bai tambaya ba shi ne inda za a ajiye shi. Aka ɗora shi kan ƙarafa huɗu a tsakiyar ɗaki, ƙasa farin tayil, sama rufin kwano, ga fanka biyu suna busa shi safe da yamma. Jirgin katako, jama'a! Ko mai wanki a bakin tafki ya san ruwa ne ke riƙe da jirgi: katako ya sha ya kumbura, allo ya matse allo. Raba shi da ruwa, sai ya fara buɗe baki.

Autarsa ce ke zagayawa da baƙi a gidan. Mako na biyu sai ga shi da bokiti.

"Baba, ina za ka da wannan?"

"Ruwa zan ba shi."

"Wa?"

"Wa kika gani da ƙishirwa a ɗakin nan?"

"Don Allah ka rufa mini asiri. Oga ya ce ko hannu kada a ɗora masa. Ka jiƙa tayil wani ya zame, ni za a kora."

Ya yi ƙwafa ya juya. Amma ina zama? Da safe ya gangara bakin tafki, ya tsaya inda turken jirgin yake, ya hauro kasuwa, ya leƙa tagar gidan tarihi, ya koma gida, kafin shayi ya huce ya sake fita. Matarsa ta ce ko budurwa ya yi a siton, ya faɗa mata ta sani. Bai ko yi dariya ba.

Ramin da ke tsakanin allunan da farko zare kawai zai shiga. Bayan wata guda bakin wuƙa yana shiga. Wannan bai dame shi sosai ba, ruwa na rufe shi cikin kwana uku. Tsoronsa allon ƙasa ne, dogon nan guda ɗaya tun daga hanci har wutsiya. Idan ya tsage a tsakiya, shi ke nan, babu ruwan da zai haɗa shi, kuma irin itacen ya ƙare a dajin.

Ya samu shugaban gidan, mutum mai fara'a da yawan "to, to".

"Ranka ya daɗe, bokiti goma a mako. Ni zan ɗebo, ni zan goge."

"To, to, Baba. A rubuto, kwamiti zai duba."

Auta ta rubuta. Kwamiti ya zauna a kan fenti, ya zauna a kan kuɗin shiga, ya tafi hutu. Baba ya yi ta sintiri har mai gadi ya daina tambayarsa tikiti. Haushin kansa yake ji fiye da na kowa, kuma bai ɓoye ba.

Sai a wata na biyar takarda ta fito: an yarda, ran Litinin da gidan ke rufe, a shimfiɗa tampol. Shi da Auta suka yi sawu biyar daga tafki. Ya sheƙa bokiti na farko, ruwa ya tsiyaye ta ko'ina.

"Bar shi," ya ce, yana murmushi. "Haka yake yi, sai ya sha tukuna. Zuba na biyu in gani."

Ya durƙusa, ya cusa kai ƙarƙashin jirgin. Auta ta zuba. Ruwan bai bi gefe ba, ta tsakiyar allon ƙasa ya zubo, layi guda miƙe, ya jiƙa masa fuska da wuyan riga. Ya bi tsagar da yatsa, taku uku da rarrafe, bai kai ƙarshenta ba.

"In ƙara?" in ji Auta.

"A'a."

Ta sunkuyo ta ga fuskarsa.

"Baba, kullum baƙi sai sun tambaye ni ko zai iya komawa ruwa. Cewa nake zai iya."

"Daga yau ki daina," ya ce. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi.