Ƙwaryar da Shitu Ya Kai wa Likita

Duk ƙasar Kibiya, in ana maganar gyartai, wato ɗinkin fasasshiyar ƙwarya, to Shitu na Durba ake nufi. Yana da wata al'ada: in ya gama ɗinki sai ya cika ƙwaryar da ruwa, ya ɗaga ta bisa kansa, ya tsaya ƙiƙam. Ɗigo ɗaya ya taɓa hularsa, sai ya warware ya sake. Matan Fulani rububinsa suke ranar kasuwa.

To wannan bawan Allah ne aka ce wa za a tsaga cikin matarsa a ɗinke.

Sau biyu Hansatu tana naƙudar kwana uku, sau biyu Shitu yana rungumar ɗan ƙaramin likkafani zuwa maƙabarta. A na biyun saura ƙiris a haɗa da ita. Da ciki na uku ya tsufa, shekara guda bayan samun mulkin kai, malamin asibitin Rano ya tura su birni. Likita ya duba ya ce ƙugunta ne ya yi ƙanƙanta, kada a jira naƙuda, su dawo Talata ta sama a yi mata aiki a ciro ɗan.

Hansatu ta ce Allah ya kai mu. Shitu kuwa tun ranar tuwo ya daina wuce masa. Ba wuƙar ce ta dame shi ba, yanka ai ko mahaucin Lausu ya iya. Ɗinkin! Wa ya koya wa likitan nan ɗinki? A gidan wa ya zauna?

"Malam, ka ci abinci mana," in ji Hansatu.

"Ke ba ki san aikin nan ba. In ya bar tazara ko ta ƙwayar gero ce, kina shan koko yana bin zane."

"Sai ka tara kwano."

"Au, wasa ma kika mai da abin!"

Amma ya san ba wasa take ba. Da idonsa ya ga ta raba wa ƙannenta tasoshinta a ɓoye, har da taskirar da uwarta ta bar mata. Ya gane bankwana take yi.

Ran Litinin, kafin su kama hanyar Rano su hau mota, Shitu ya zaɓi ƙwarya mai kyau, ya sa gwiwa ya tsaga ta da gangan. Ya cusa ta a jaka tare da basilla da zare.

A ɗakin mata na asibiti suka tarar da Kulu, wata dattijuwar ma'aikaciya mai baki kamar reza, ita ta ba Hansatu gado. Can sai ga likita ya shigo zagaye, wani dogo mai tabarau, Hausarsa tsinta-tsinta. Shitu ya durƙusa ya ajiye masa ƙwarya a gaba.

"Ranka ya daɗe, ba raini ba ne. So nake in ga hannunka."

Kulu ta fassara tana hararar Shitu. Likita ya yi dariya zai wuce, sai ya dubi fuskar Hansatu, ya ga yadda ta damƙe bakin gado. Ya ja benci ya zauna, ya karɓi basilla.

Kai, jama'a! Shitu bai taɓa ganin ta'asa irin wannan ba. Nan ya huda kusa, can ya huda nesa, ɗinki ya fito kamar sawun kaza. Da aka gama Shitu ya cika ƙwarya da ruwa, ya yi bisimilla, ya ɗaga ta bisa kansa. Shaaa! Hula, gemu, taguwa, har cikin kunne.

"Innalillahi! Hansatu, ɗaure kayanki mu tafi!"

Ɗaki ya kaure da dariya, masu ciki na riƙe ciki, masu jego na ihun a taimake su. Hansatu da ta yi mako ba ta dara ba, har da hawaye.

"Kai Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Kulu. "Ƙwarya ai busasshiya ce. Mutum haɗa bakin kawai ake yi, naman ya kama kansa. Ni nan da kake gani, shi ya ɗinke ni shekara shida ke nan."

Ta ɗauki tulun ɗakin ta tsiyaya kwano biyu ta shanye, ta yi tsalle uku, ta juya. "To duba ƙasa." Wallahi Shitu ya sunkuya ya duba, har da shafawa. A bushe.

Duk da haka bai haƙura ba. "Ranka ya daɗe, mu raba aikin mana. Kai ka yanka, ni in shigo in ɗinke."

Nan Hansatu ta daina dariya. "Malam," ta ce a hankali, "sau biyu ina wankan jego ba goyo. Ko zan yi yoyo har ƙarshen raina, ni dai a bar ni in ji kukan wannan."

 Shitu ya mai da basilla jaka, ya miƙa babban yatsa ya dangwala a takardar amincewa da aikin da aka kawo.

Ran Talata da hantsi aka tura ta a gado mai taya. Shitu ya zauna gindin darbejiya ya warware ɗinkin da likita ya yi wa ƙwarya, ya sake nasa, kowane huji da salati. Ya gama ya warware. Yana kan na huɗu Kulu ta leƙo.

"Mai gyartai, mace ce! Uwa ma tana nan lafiya."

Sai da aka kwana biyu aka yarda Hansatu ta sha ruwa sosai. Shitu ya ba ta a ƙwaryar nan, tana sha yana leƙen ƙarƙashin gado. Ko ɗigo. Ya miƙe yana gyaɗa kai, ya ce yaron nan likita in ya dage zai iya.

Kulu ta ɗanƙa masa jaririya cikin ɗan zane. Kunyar ɗan fari da ake faɗa, Shitu ya manta da ita sam. Hannu ya riga ya saba, kafin ya ankara ya ɗaga ta bisa kansa. Sai ya ji wani abu mai ɗumi yana sauka a hula, tsul-tsul, yana gangarowa goshi.

"Likita! Wannan tana yoyo!"

Hansatu ta dafe ciki tana roƙo don girman Allah a fitar da mutumin nan kafin ɗinkinta ya ɓalle.

"To sai ka warware ka sake," in ji Kulu.

Shitu ya sauko da yarinyar ƙirjinsa. Ta buɗe baki ta tsala kuka, kuka mai ƙarfi, har ɗakin maza ana ji. Ya tsaya yana saurare, gemu sharkaf, kuma ba duka ne aikin jaririya ba.

"A'a," ya ce. "Wannan a bar min ita haka."