Lanƙwasar Garin Baƙo

Garuruwa ɗari huɗu da sha biyu ne a cikin tablon sunayen da aka miƙo mini ran Alhamis, kuma na Innata yana ciki. Ni Marta, aikina a wani ƙaramin biro na unguwar Yantala shi ne gwada manhaja kafin a miƙa wa masu ita. A shekarar nan damina ta ci amanar manoma, sojoji kuma suka karɓi mulki tun kafin zafi ya shigo. Mu aka ba kwangilar manhajar rabon hatsi.

Muna da wata manhaja ta daban wadda muke rubuta gwaje-gwaje a ciki. Ni na ƙara mata gurbi na musamman, na sa masa “sunan gari”, don kowane gari ya zama gwaji guda. In ya shiga daidai ya yi kore. Mushe Mijinyawa, shugabanmu, ya ce babu lokacin yin wani jeri, wanda ya yi kore shi za a ba soja, shi kamiyo masu dakon hatsi za su bi. Na ce masa wannan ganganci ne. Ya ce in je in faɗa wa Kapiten da sojoji suka ɗora kan aikin da bakina.

Wa ya isa? Kapiten ɗin nan kullum da safe yake zuwa. Ba ya tsawa, ba ya zagi, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Sai ya cire hularsa ya ajiye kan teburina, daidai gefen ordinatar, wato kwamfuta, ya tsaya yana kallon allo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Ranar cewa ya yi kawai, “Gobe Juma'a, madam.”

Da ya fita na zuba tablon. Manhaja ta haɗiye, ta ce an gama. Na duba ƙasa: ɗari uku da tamanin da tara. Kai! Garuruwa ashirin da uku sun yi ɓatan dabo, kuma ƴar banzar nan ko tari ba ta yi ba. Ba zan ɓoye muku ba, namu na fara nema, Garin Baƙo, can bayan Dogon Dutsi. Babu shi. Ko shekaranjiya Inna ta ce mini a waya ganyen tafasa suke ci da ɗan dusa, akuyarta ta ƙarshe ma ta tafi kasuwa.

Na jera waɗanda suka ɓace a takarda ina ta kallo, sai na gane. Duk suna da harafi mai lanƙwasa: ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Wanda ya ƙera manhajar can ƙasarsu bai san da mu ba, da ta ci karo da lanƙwasa sai ta tofar da layin gaba ɗaya.

Na kai wa Mushe Mijinyawa, yana ta gumi duk da fanka. Ya ce, “To cire musu lanƙwasar mana! Nasara da ya rubuta taswira da lanƙwasa ya rubuta?”

Na ce, “Mushe, ƙura daban, kura daban.”

Ya ce, “Marta, don Allah ki bar ni da abin da ya dame ni. Kin san inda aka kai wanda ya riƙe aikin nan kafin mu? To ni ma ban sani ba.”

Na koma na bi su ɗaya bayan ɗaya ina miƙar da haruffa, raina a ɓace. Da na zo kan namu hannuna ya tsaya. Kakan kakana ne baƙon da aka sa wa garin suna. Na mayar da shi Bako, na ce ya yi haƙuri, yunwa ba ta san nahawu ba.

Ran Juma'a Kapiten ya riga kowa zuwa. Ina zubawa yana tsaye a kaina, ina jin warin man takalminsa. Allo ya cika da kore. Na saci kallon ƙasa: ɗari huɗu da sha ɗaya. Saura ɗaya.

Da sauri na buga sunan garinmu a wurin nema. Ga shi nan, Garin Bako, kore shar. Na sauke ajiyar zuciya.

Kapiten ya ce, “Ya cika?”

Nan ne fa. Na san akwai gari guda da ya faɗi, da tsofaffinsa da masu goyonsa. Neman sa aikin rabin awa ne. Amma ga hula kan tebur, ga Mushe Mijinyawa yana roƙo na da ido, kuma ba namu ba ne. Na ce, “Ya cika, mon kapiten.” Na sa hannu a takardar jerin. Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, ya ce, “Sunanki ne a kai, madam.”

Kwana tara ina cewa gobe zan duba, ban duba ba. Tsoron abin da zan gani nake ji.

Ran na goma, ina cikin taksi a kan gada zan koma gida Kirkisoye, Inna ta kira. Ta ce sun share ɗakin ajiya na coci tun jiya, liman ma ya ba da zaurensa. Mata sun fita bakin kwalta da ƙwarya tun asuba. Kamiyo goma sha ɗaya suka ƙirga, duk sun miƙe gabas, ko ɗaya bai karyo kwana ba.

Na sa direba ya juya da ni biro. Na buɗe layin nan mai kore, na karanta shi har ƙarshe, abin da ban yi ba ran Juma'a. Garin Bako, jihar Maradi. Ashe akwai wani, na wani Bako can, ba shi da lanƙwasa tun fil azal. Da na miƙar da namu, sai manhaja ta ga suna biyu iri ɗaya, ta ɗauka maimaici ne, ta riƙe na farko ta zubar da na biyu.

Waya ta sake ƙara. Muryar Inna ta yi ƙasa sosai. Ta ce, “Marta, mutane suna tambayata. Sun ce ai ƴarki a wurin take aiki. Ba ki ga sunanmu ba ne?”

Na ce, “Na gani, Inna. Ni na goge shi.”