Muryar Gwangwani

Shekarar da aka rufe masaƙar da Badruddeen yake aiki a Kano, ya dawo Garo da jaka ɗaya da ƙaramin rediyo. Mahaifinsu Malam Uwaisu, wanda yake karantar da allo a zauren gidan, bai ce masa komai ba sai, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Gona ba ta karɓe shi ba. Bayan kaka sai ya koma Gwarzo wajen abokinsa Mijinyawa, mai gidan kallo a bayan tasha.

Lokacin an ƙaddamar da shari'a, an daina haska finafinan rawa da waƙa, bencinan gidan kallon sun zama wayam. Mijinyawa ya samo wasu kaset-kaset na katun daga wata ƙasa mai nisa, labarin wani tsohon matuƙin kumbo mai mantuwa da mutum-mutuminsa na ƙarfe, suna yawo daga tauraro zuwa tauraro suna tafka shirme. Ba mai jin yaren. Sai aka rage sautin talabijin, Badruddeen ya riƙe makirufo yana yi musu magana da Hausa. Ya sa wa tsohon suna Baba Mantau, mutum-mutumin kuma Gwangwani. Idan kumbon ya lalace, Gwangwani ya ce layin mai za su shiga a duniyar wata. Idan halittu masu ido uku suka tare su, ya tambaye su nawa suke sayar da mudun masara a garinsu. Mutane suna dariya har da buga benci. Mijinyawa ya fara ɗaukar muryar a kaset na rediyo, direbobi suna saye.

A mota yayarsa Nuriyya ta ji shi. Tana aure a Kabo, tana koyarwa a Islamiyya, ran nan ta shiga bas za ta dubiya, direba ya sa sabon kaset. Ta gane muryar ƙanenta nan take, ta yi murmushi a cikin mayafi. Can sai Gwangwani ya ce, "Baba, ka cire mini batirin nan ka huta. Ba abin da yake mini ciwo, ba kuma abin da yake mini daɗi."

Motar ta kwashe da dariya. Murmushin Nuriyya kuwa ya gushe. Gwangwani da siririyar murya yake magana, ta hanci, amma wannan maganar da muryar Badruddeen ta fito, irin wadda ya yi ta magana da ita watannin da innarsu ta rasu. Ta saurari sauran kaset ɗin. Barkwancin yana nan, sai dai tsakanin kowace dariya akwai irin wannan. "Kullum tauraro sabo, kullum duhun ɗaya." "Baba, in na tsaya a nan, wa zai lura?"

Washegari da hantsi ta nemi izinin mijinta ta hau motar Gwarzo. Ba ta shiga gidan kallon ba, ta aika aka kira mata Mijinyawa. Bayan sun gaisa, ta tambaye shi lafiyar Badruddeen.

"Lafiyarsa ƙalau, Yaya," ya ce, amma idonsa a ƙasa. "Abinci ne dai ba ya ci sosai. Kuma in ba makirufo ya riƙe ba, sai ya wuni bai ce uffan ba."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Ni na ɗauka gajiya ce." Ya sosa ƙeya. "Akwai wata 'yar fitila a ƙirjin Gwangwanin. A kaset ɗin farko tana haske sosai, yanzu ta dusashe. Ni ban ma lura ba, shi ya nuna mini. Ya ce wanda ya zana abin nan ba don yara ya zana ba, ya san ciwon. Ya ce in duba, ko'ina suka je, Gwangwani ƙofar kumbon yake kallo."

Ta ce tana so ta ga na ƙarshen da suka haska. Ba kowa a ciki a wannan lokacin, don haka ya bar ƙofa a buɗe, ya tayar da janareta, ita kuma ta tsaya daga bakin ƙofa. A talabijin, Baba Mantau yana barci baki buɗe. Gwangwani ya taka a hankali ya murɗa ƙofar kumbon, ya fita cikin baƙin sarari, yana ƙanƙancewa, fitilar ƙirjinsa kamar ƙwayar gero.

"Jiya a nan ya kashe bidiyon," in ji Mijinyawa. "Ya ce wa mutane shi ke nan, labari ya ƙare. Har rigima aka so a yi."

"Ƙarewa ya yi?"

"A'a. Duba."

Tsohon ya farka a firgice, ya wurga wata igiya, ta naɗe ƙafar Gwangwani, ya fizgo shi da ƙarfi har suka yi karo suka baje a kan tukwane. Abin dariya ne ƙwarai. Babu wanda ya yi dariya a cikinsu.

"Ya san da wannan?"

"Ya kalla ya fi a ƙirga. Shi ya hana a nuna," in ji Mijinyawa. "Yau da safe kuma ya kawo mini rediyonsa, wai in riƙe. Ya ce in yafe masa in ya taɓa ɓata mini."

Nuriyya ba ta jira ya gama ba. Ɗakin da Badruddeen yake kwana yana bayan gidan kallon. An share shi fes, an naɗe tabarma an jingine, kayan sawarsa a ninke. Mai shayi ya ce ya ga ya bi hanyar yamma. Wata mai tallan gyaɗa ta ce ta gan shi wajen tsohon kududdufin da ake haƙar ƙasar bulo, wanda damina ta cika.

A can ita da Mijinyawa suka hango shi, zaune a bakin gaɓa inda ramin ya fi zurfi, takalmansa a ajiye gefe. Ruwan kore ne, ba ya motsi. Mijinyawa zai ruga, ta ɗaga masa hannu. Ta tako a hankali ta yi sallama, ta zauna a ƙasa kusa da shi, ta kama gefen rigarsa ta naɗe a hannunta.

Bai yi mamakin ganinta ba. "Yaya, me ya kawo ki?"

"Kai."

"Ba abin da nake yi. Zaune kawai nake."

"To mu zauna."

Rana ta take, ƙudaje suna bin su. Daga baya ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Ina sallah, Yaya. Ina addu'a. Amma kamar an kwashe komai a cikina an bar fatar. Kunya nake ji in gaya wa Malam."

"Ni zan gaya masa. Sa takalminka."

Ba ta saki rigar ba har suka isa Garo. Malam Uwaisu ya sallami ɗalibai ya saurare ta. Da farko ya ce shaiɗanun hotunan nan ne, za a yi masa rubutu da tofi. Nuriyya ta durƙusa ta ce, "Baba, a yi. Amma don Allah a haɗa da asibiti. Da ban je ba yau, da wata maganar muke yi." Malam ya daɗe yana kallon ɗansa, da wuyansa da ya rame. Ya ce a nemo mota.

Likitan da suka gani a Kano ya ce ciwon damuwa ne, yana da magani, amma ba ya sauri, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Badruddeen bai koma Gwarzo ba. Mijinyawa ya gwada wani mai muryar, ba ta karɓu ba, ya mai da wajen shagon cajin batir. Nuriyya ta roƙi mijinta ta dawo gida na ɗan lokaci. Wasu ranakun Badruddeen ya ci tuwo ya taya Malam biya wa yara karatu. Wasu ranakun ya juya fuska bango, ko sunansa aka kira ba ya amsawa.

Wata safiya da damina ta sake zagayowa, ta kai masa koko ta tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, ba kowa. Kwanon ya suɓuce mata. Ta fita ba mayafi, ta duba zaure, ta duba rijiya, ta zaga bayan gida. Yana can tsugune, yana ɗaure wata akuya da ta tsinke.

Ya ɗago ya ga fuskarta. "Ina nan, Yaya," ya ce.

Ta gyaɗa kai ta koma madafi don ta dama wani kokon. Ta ɗauki ashana, ta ƙyasta har sau uku duk suna karyewa, sai da Gwaggo, ƙanwar Malam, ta zo ta karɓa ta kunna mata wutar.