Makullin Wuyan Ciyaman

Garzali na durƙushe a bakin kanal yana jera bututai lokacin da akori-kurar makaranta ta fara danna masa ham. Lanƙwasassun bututun roba ne masu zuƙo ruwa daga kanal zuwa fangalin tumatir. Shi kaɗai yake tsoma su, shi kaɗai yake toshe bakinsu da tafin hannu har ruwa ya kama, 'yan Ƙungiyar Matasa Manoma kuwa na tsaye sun harɗe hannu.

Ai ba su isa su taɓa ba. Tun da aka naɗa shi Ciyaman ɗin ƙungiyar a wannan sakandare ta kusa da Bunkure, Garzali ya yanke cewa Allah bai halicci wani mai hankali a aji biyar ba sai shi. Shi ne mai yayyafi, shi ne mai dashe, makullin sito ma a wuyansa yake rataye da igiya kamar laya. Da wani Ahmadu ya taɓa gyara bututu ɗaya ba da izini ba, tsallen kwaɗo ya sa shi har ƙofar aji.

Ranar Alhamis kaɗai ake sako ruwa a layinsu, ranar Asabar kuma jami'an gona za su zo duba tumatir ɗin, su zaɓi makarantar da ta fi. To amma gogan naka ya riga ya cusa sunansa a gasar kacici-kacici a Dawakin Kudu, ita ma yau Alhamis. Wa zai wakilci makaranta in ba shi ba?

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya dubi mataimakinsa Abdussalam, wanda bai taɓa taimakawa da komai ba don ba a taɓa barin sa ba.

"Ku zauna ku duba. Kada wanda ya taɓa min komai sai na dawo."

Ya ce kafin azahar zai dawo. Sai dai gasa ta ja, suka zo na ƙarshe, taya kuma ta yi faci a hanya. Bayan la'asar ya diro daga mota da gudu.

Ba fangali, ba kunyar shuka. Tafki ne shimfiɗe, kawunan tumatir na leƙowa, bututai kuma na ta aikinsu bilhaƙƙi. 'Yan ƙungiya na zaune a kan gaɓa sun miƙe ƙafa, suna shan rake.

Garzali ya tambaye su ko makafi ne. Abdussalam ya tofar da ɓawon rake a hankali.

"Ka ce mu duba, Ciyaman. Wallahi tun safe muke dubawa."

Ahmadu ya ƙara da cewa shi kam cinyoyinsa ba su manta da tsallen kwaɗo ba.

Garzali ya san ba ƙarya suka yi ba. Ya faɗa ruwa da farin wandonsa na gasa, ya tsige bututan, ya gangara ƙasan gona yana yaƙushin gaɓa da hannu don ruwa ya fita. Ya huda nan, laka ta rufe. Ya koma can, nan ta cike. Tumatir in ya kwana a ruwa ya tafi ke nan, kuma rana ta yi ƙasa. Sai an fasa gaɓar a wurare da yawa lokaci ɗaya, da fartanya, fartanyu kuwa suna sito a kulle.

Ya tsaya yana haki, laka har gira. Ba wanda ya motsa, sai ƙarar tauna.

Ya fito ya nufi Ahmadu, ya kama igiyar wuyansa zai cire. Ta ƙi wuce kunnuwansa. Shi da kansa ya ɗaure ta tamau tun farkon shekara, don kada wani ya zare yana barci. Ya ja, ya murɗa, yatsunsa na santsi da laka.

"Ciyaman, in taɓa?" in ji Ahmadu.

Garzali ya juya masa ƙeya, ya sunkuyar da kai a gaban kowa, ya tsaya Ahmadu na kwance ƙullin da haƙori.