Shafi Huɗu da Auta Ya Tsallake

Auta matsoraci ne, kuma tsoronsa ya cuci mutum biyu. Shi ya ɗora batirin mota a kan caji a garejin da yake aiki tare da yayansa, bai kwance murafan ba, ya fita sayen sigari. Batirin ya fashe daidai lokacin da Yaya ya sunkuya a kansa, ruwan ya cinye masa ido biyu. Da mai gareji ya tara ma'aikata yana neman wanda ya yi wannan aika-aika, kowa ya dubi Dogo mai gyaran waya, tunda caji aikinsa ne. Dogo ya yi ta rantsuwa har muryarsa ta dishe. Auta yana tsaye yana goge hannu da tsumma, bai ce uffan ba. Ranar aka kori Dogo, kuma babu garejin da ya sake ɗaukarsa.

Shekara tara ke nan. Kowace Asabar da la'asar Auta yakan je ɗakin Yaya, ya zauna kan kujerar roba kusa da taga, ya karanta masa littafi. Mutane suna yabon zumuncinsa, yana karɓar yabon.

A wannan watan Yaya ya zaɓi wani tsohon littafin labari da aka karantar da su a makaranta, wanda bangonsa ya daɗe da yagewa. A tsakiyarsa akwai inda rijiya ta rufta da mutum, jama'a suka kama wani baƙo za su doke shi, sai wanda ya haƙa rijiyar ya ratsa taron ya ce shi ne ya yi ha'inci a ginin. Auta ya hango wurin yana matsowa. Ya lashi yatsa ya juya shafi huɗu a haɗe, ya ci gaba kamar ba komai.

"Auta, ka tsallake," in ji Yaya.

"Shafukan ne suka manne, Yaya."

"Ido na rasa, ba kunne ba. Tun kana fitsarin kwance na haddace littafin nan. Koma baya."

Ya koma. Ya karanta yadda aka ɗaure baƙon, ya karanta yadda mai haƙar rijiya ya ajiye igiyarsa ya miƙe. Da ya zo kan maganar da mutumin zai faɗa, sai ya ɗago kai daga littafin. Gumi ya jiƙa gefen takardar inda babban yatsansa yake.

"Yaya, batirin nan, ni na ɗora shi."

Yaya bai motsa ba. "Na sani. Ina ƙarƙashin mota na ga ƙafafunka."

"To me ya sa ba ka..."

"Saboda nono ɗaya muka sha. Na fito daga asibiti na ji an kori Dogo, na ja bakina na yi shiru. Ni ma ban kai mai haƙar rijiyar nan ba, shi ya sa nake son a karanta mini shi." Ya miƙa hannu yana laluben iska har ya kama littafin, ya karɓe. "Idona na yafe maka tuntuni. Na Dogo ba nawa ba ne da zan yafe. Je ka nemo shi, ka kawo shi ɗakin nan mu faɗa masa mu biyu. Kada ka sake taka mini ƙofa sai da shi."

Kwana uku Auta yana tambaya kafin ya gano gidan, can bayan kasuwa. Matar Dogo ce ta leƙo. Ta ce maigidan ya rasu bara, bayan ya shekara bakwai yana turin baro, kuma har ya mutu yana cewa ba shi ba ne.

Auta ya aika wa Yaya da labarin. Yaya bai janye maganarsa ba. Auta bai sake shiga ɗakin ba har aka fito da gawar yayansa daga ciki.