Inda Badi'a Take Tsallakewa

"Kin tsallake," in ji Iya Rifkatu.

Badi'a ta danne layin da yatsa, ba ta ɗago kai ba. "Ban tsallake ba, Iya. Numfashi na yi."

"Numfashin da ya haɗiye kalma biyu? Idona ne ya mutu, ɗiyata. Kunnena shina nan da ransa."

Suna zaune ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gidan tsohuwar, can ƙarshen unguwa a Tsarnawa. Bazara ce, zafi ya riga ya sauko tun hantsi, manyan motocin albasa suna ta gurnani a babbar hanya sun nufi Konni. Littafi Mai Tsarki yana buɗe a cinyar Badi'a, a kan wani farin ƙyalle da ta zo da shi daga gida. Ba ta taɓa ɗaukarsa ba sai da alwala, ba ta kuma yarda ya taɓa tabarma. Ita kuwa mai littafin, shekara arba'in tana ajiye shi inda hannunta ya kai. Bangonsa ya yi laushi kamar tsohuwar fata, gefen takardunsa duk tabon mai da zanen fensir, in aka buɗe shi warin albasa ne yake fara fitowa.

"To, na tsallake," Badi'a ta ce, ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, ko da yake idon da take duba farin hakiya ya rufe shi. "Bakina ba ya iya cewa Allah na da ɗa. Ki gafarce ni, amma ba ni faɗi."

Tsohuwar ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Da kin faɗi haka tun farko! Sai ki riƙa tsince mini maganar Allah kamar mai tsintar wake? Wanga littafi ba a rage shi, ba a ƙara mishi. Duk abin da ke ciki numfashin Allah ne, har wanda ba ya yi miki daɗi, har wanda ba ya yi mini."

"Akwai wanda ba ya yi miki daɗi?"

"Ki ƙaunaci maƙiyinki. Kina tsammani zuma ce?" Ta laluba ta kama gwiwar Badi'a. "Ga yadda za mu yi. In kin kai wurin da bakinki ya ƙi, ki tsaya. Ni in faɗi nawa, ke ki wuce. Amma kada ki sake yi mini sata."

Haka suka shirya, haka kuma aka yi ta yi har wata uku.

Badi'a malamar lakwal ce, wato makarantar boko, ƙananan yara take koyarwa suna ce mata madan, ita ce kuma autar Zahara'u, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da na Iya Rifkatu. A unguwa ana cewa lakwal ta hau mata kai, don tana tafiya kafaɗa a miƙe, ba ta kuma iya yin shiru in an faɗi abin da ba haka ba. Ba ta damu ba. Faransanci aka koya mata a aji, amma karatun Hausa a wannan rumfar ta same shi tun tana yarinya, Iya tana zana mata baƙaƙe a ƙasa da tsinke. Da idon tsohuwar ya tafi, ba wanda ya roƙi Badi'a. Ita ta shigo wata Asabar ta ce, "Ina littafin?"

Iya Rifkatu kaɗai ce Kirista a unguwar. Daga wajen Galmi mijinta Dauda, mai gyaran injin ban ruwa, ya kawo ta tana amarya. A shekarun farko mata ba sa yarda gugarta ta shiga rijiya tare da tasu. Sai ta tsaya gefe da tulunta har kowa ya gama, rana ta take, sannan ta ja nata. Shekara bakwai tana haka, ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma canja addini ba. Daga baya ita ce ake bugawa ƙofa in naƙuda ta yi tsanani. Duk Kirsimati takan aika kajinta wurin liman ya yanka, don maƙwabta su iya cin abincinta da kwanciyar rai. Dauda ya rasu, 'ya'ya biyu suka bi shi, saura Iliya da ke aiki can Arlit, tafiyar kwana biyu in hanya ta yi kyau.

Wani lokaci karatu yakan koma gardama.

"Iya, tsakaninki da Allah. Uku ne ko ɗaya?"

"Ɗaya. Wa ya ce miki uku?"

"Ke kinka ce Uba, kinka ce Ɗa, kinka ce Ruhu Mai Tsarki. Ina koya wa yara ƙirga, Iya."

"To madan, ki ƙirga awaki. Allah ba a sa shi a layi." Sai ta gyara zama. "Ba aure ya yi ba, ba haihuwa irin tamu ba ce, kada ki sa mini wannan a baki. Allah ɗaya ne, shi ne bai tsaya can sama shina kallonmu ba. Ya sauko, ya ji ƙishirwa, ya ji gajiya, ya yi kuka a bakin kabarin abokinsa. Ranar da na binne Dauda, wannan ne ya riƙe ni. Na ce wanda nike kira ya san wannan zafin, ba labarinsa aka ba shi ba."

"Ni dai ban gane ba."

"Ni ma ban gane shi duka ba. In na gane shi duka ai ya zama tukunyata, na san bakinta na san gindinta."

Badi'a takan tashi ba ta yarda ba, ta je ta yi sallarta, washegari ta dawo.

Da damina ta matso ƙafafun Iya suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Aka kai ta asibiti, likita ya ba da magani, ya ce a mai da ita gida ta huta. Kowa ya gane abin da yake nufi. Wata ranar Laraba bayan an tashi daga lakwal, Iya ta sa Badi'a ta matso kusa.

"Uwarki tana sona," ta ce. "Shekara talatin muna miƙa wa juna wuta ta saman katanga. Ranar da zan tahi, za ta so ta sa mini kalmar shahada a baki. Don ƙauna za ta yi, na sani. Amma ni a kan abin da na rayu nike son in mutu. In fasto bai iso ba, ki karanta mini. Kada ki bari maganar ƙarshe a kunnena ta zama ba tawa ba."

"Iya, Innata ce fa."

"Na sani. Shi ya sa ban roƙi kowa ba sai ke. Wa ke iya tsayawa gabanta in ba mai taurin kai ba?"

Badi'a ta rufe littafin. Sannan ta ce, "Na ɗauka."

Ranar ta zo a wata Litinin, bayan azahar. Tun safe Iya ta daina magana. Badi'a ta buga wa Iliya waya, ya ce ya shiga mota. Ta buga wa fasto na Konni, aka ce yana wajen Badagishiri wurin wata jana'iza, zai taso da zarar an gama. Mata suka cika ɗakin, takalmansu jibge a bakin ƙofa. Zahara'u tana zaune a gefen gado, tana ɗiga wa tsohuwar ruwa a leɓe da cokali. Nana Aisha, matar liman, tana daga ƙafa tana jan carbi.

Da numfashin ya fara yin nisa tsakaninsa, Nana Aisha ta ce a hankali, "Zahara'u, lokaci ya yi. Ki laƙƙana mata."

Zahara'u ta ajiye cokalin, ta sunkuya zuwa kunnen Iya. "Yaya, ki ce bayana..."

"Inna."

Muryar Badi'a ba ta yi ƙarfi ba, amma duk ɗakin ya ji. Tana tsaye a bakin ƙofa, ruwan alwala bai bushe a hannunta ba, littafin a ƙirjinta.

"Inna, ki bari. Ta roƙe ni."

"Mi ta roƙe ki?"

"Ta ce a bar ta ta tahi a kan addininta. Na yi mata alkawari."

Zahara'u ta miƙe zaune. Idonta ya yi ja. "Alkawari? Ke kin san abin da ke gabanta? Matar nan ita ta yanke miki cibi. Ita ta zauna da ni kwana arba'in da ubanki ya rasu. In zura ido ta tahi haka nan, kalma ɗaya tak tana iya cetonta, don ke kin yi alkawari?"

"Shekara talatin tana jin kalmar nan ta saman katanga, Inna, sau biyar kullum. Da tana so da ta faɗi da bakinta tun tana da ƙarfi. Yanzu da ba ta iya cewa a'a ne za mu sa mata?"

"Ku ji mini ɗiyar lakwal," in ji wata daga baya.

"I, ɗiyar lakwal ce," Badi'a ta ce ba ta waiwaya ba. "Inna, don Allah ki matsa mini."

Ba ta taɓa gaya wa uwarta haka ba. Zahara'u ta dube ta kamar ba ta san ta ba, sannan ta ja jiki zuwa kan gadon, wajen kai, ta rufe fuska da mayafi.

Badi'a ta durƙusa, ta buɗe inda fensir ya fi yawa. Wurin da Almasihu yake bankwana da mabiyansa ne, yana kwantar musu da hankali, yana gaya musu inda za shi da wurin da zai shirya musu. Ta fara karatu. Layi ɗaya, layi biyu. Ta kai inda ya ambaci gidan da za shi, da mai gidan.

Ta tsaya, kamar kullum. Ta jira.

Ba abin da ya zo. Leɓen Iya ya motsa, ya sake motsawa, iska kawai ta fito. Goshinta ya tattare kamar na mai ɗaga kaya da ya fi ƙarfinta. Hannunta ya yi ta lalube a kan zane har ya sami wuyan hannun Badi'a, ya riƙe. Riƙon ba ƙarfi, kamar na jariri.

Badi'a ta dubi hannun da ya riƙe ta. Ta san duk matan da ke ɗakin, 'ya'yansu take koyarwa, kafin la'asar maganar za ta kai kasuwa. Ta san abin da ta yi imani da shi, bai kuma motsa ba ko kaɗan. Ta ce a ranta, Ya Allah, kai ka san zuciyata, amana ce aka ba ni.

"Littafin Iya ya ce," ta faɗa da ƙarfi, "gidan Ubana."

"Subhanallahi!" Nana Aisha ta miƙe, ta tattara mayafinta ta fita. Mata biyu suka bi ta, ana jin su suna neman takalma.

Goshin Iya ya saki.

Badi'a ta ci gaba. Duk inda ya ce Uba ta ce Uba, inda ya ce Ɗa ta ce Ɗa, ba ta sake tsayawa ba, hawaye na sauka a kan takardar tana share su da gefen hannu don ta ga layi. Ba ta san daidai lokacin da riƙon ya saki ba. Sai da ta kai ƙarshen shafin ta ji ɗakin ya yi wani irin shiru.

Zahara'u ce ta fara motsi. Ta sa tafin hannu ta shafe idon Iya, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa, ta miƙar da ƙafafun da suka kumbura. Sannan ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta za ta juya ta gabas, kamar yadda ta yi wa mijinta da uwarta. Sai ta tsaya, hannunta yana nan a wurin.

"Su ina suke fuskantarwa?" ta tambaya, ba ta dubi kowa ba.

Ba wadda ta sani. Badi'a ma ba ta sani ba. Duk karatun wata uku ba su taɓa zuwa kan wannan ba.

Zahara'u ta zare hannunta a hankali, ta bar ta yadda take.

Sauran matan suka fita ɗaya bayan ɗaya. Aka kira la'asar. Badi'a ta ce, "Inna," uwar ba ta amsa ba. Ta sake cewa, "Inna, ki tashi ki yi salla, ni in zauna." Ko kallonta ba ta yi ba.

Badi'a ta fita tsakar gida ta shimfiɗa mayafinta, ta yi sallarta. Da ta sallame, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, babur ɗin fasto kuma bai iso ba. Ta leƙa ɗakin. Uwarta tana nan a gefen gado, ta ɗauko mafici daga jikin bango, tana yi wa Iya Rifkatu fifita a hankali, tana korar mata ƙuda daga fuska.