Gyaren da Ke Cikin Rediyon Dogara

Dogara yana tsaye a tsakar gidansa a Gwangwan, ya ɗaga eriyar da ya haɗa da rodi da katako, yana bin sama da ita kamar maharbin da tsuntsu ya raina. Rediyon da ke rataye a wuyansa ba abin da yake fitarwa sai shuuu.

Ɗansa ne ya aiko masa da shi daga Kano, ya ce akwai wani ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam na masu sha'awar rediyo da ke ratsa sama yana faɗin sunansa da Mos. Mos kuwa shi ne aikin Dogara a soja: gajeren sauti da dogo, ya mai da su haruffa. Bai yi nisa a boko ba, amma a wannan ba ya risina wa kowa. Ga shi ya riga ya cika baki a majalisa cewa sai ya kama shi.

Ya sauya wayar eriyar. Ya sare reshen darbejiya. Ya yi ta cacar baki da Shitu mai injin niƙa, har Shitu ya yarda ya riƙa kashe injin in tauraron zai gifta. Duk a banza.

"Tarkace!" in ji Dogara.

Matarsa Turai tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Malam, don Allah rage ƙarar nan. Gyaren da ke cikin rediyonka har a haƙorina nake jin sa."

"Wane gyare?"

"Wanda ke kuka kullum in ka ɗaga sandar nan mana. Tsit, tsit, tsiiit."

"Kullum? Kuma kika yi shiru?"

"Kai ka ce kada wanda ya ko yi tari. Na ɗauka shi kake saurara."

Ya manna rediyon a kunnen dama. Ya mai da shi hagu. Shuuu. Ashe ba rodi ba ne, ba darbejiya ba, ba Shitu ba; kunnensa ne.

"Taso," ya ce, ya miƙa mata damtsensa. "In ya yi gajere ki taɓa, in ya yi dogo ki ja."

Ta karkaɗe zani, ta ɗora yatsa. Taɓa, ja. Harafi ya fito tsaf. Wani ya biyo. Sai yatsan ya rikice.

"Ke! Sakwara kike kirɓawa?"

"Shi ke sauri, ba ni ba. Ka ce masa ya jira mana."

"Sake!"

Ta karkata kai, ta yi kasaƙe. "Ya sirance. Ya tafi."

Dogara ya sauke eriyar, kafaɗarsa tana zogi.

"Gobe da hantsi zai dawo," ya ce.

"Gobe ina biki a Yammedi." Ta koma kan gyaɗarta.

Ya buɗe baki zai yi tsawa, ya rufe.

"Kwana nawa za ki yi?" ya tambaya a hankali.